Tambayi Likita: Me ya sa ciwon dajin furostat ke farfaɗowa bayan allura ta kwantar da shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Likita. Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Shekara biyu da suka wuce aka gano cewa mahaifinmu, mai shekara 71, yana da ciwon dajin furostat, aka kuma ce ya riga ya taɓa ƙashin ƙugu. Gwajin jini na farko ya nuna PSA ɗinsa 180. Aka ɗora shi kan wata allura da ake yi masa a fatar ciki duk wata uku, cikin ikon Allah ciwon ya lafa, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, PSA ya sauko ƙasa da 1. Yanzu kuma gwaji uku a jere sun nuna 3, sai 7, sai 15, bayansa ma ya fara damunsa. Likitansa ya ce a ci gaba da allurar, a ƙara da wasu ƙwayoyi masu tsada. Ƙannena sun rabu gida biyu: wasu na cewa jabun allura aka sayar mana, wasu na cewa jikin Baba ne ya saba da ita, don haka sayenta zubar da kuɗi ne. Ni dai ina son in fahimci abin da ke faruwa a jikinsa kafin in yanke shawara.

Mai karatu daga unguwar Bagalam, Maraɗi

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi. Ban duba Baba da idona ba, saboda haka likitan da ke riƙe da takardunsa shi ne mai magana ta ƙarshe. Amma abin da ka zayyana sanannen tafarki ne da wannan cuta ke bi, kuma dalilinsa yana can cikin ƙwayoyin halittar ciwon, inda ido ba ya kaiwa. Idan ka gane shi, za ka ga cewa shawarar likitan tana da tushe.

Furostat wani ɗan ƙululu ne da maza kaɗai ke da shi, yana zaune ƙarƙashin mafitsara, ya rungume bututun fitsari, nauyinsa a jikin matashi bai wuce giram 20 ba, kuma aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Abin da ya bambanta shi da sauran sassan jiki shi ne rayuwarsa gaba ɗaya ta rataya ne a kan sinadarin mazakuta, wato testosteron. Duk wanda ya taɓa kiwon jar akuyar Maraɗi ya san bambancin bunsuru da taure. Da zarar an dandaƙe ɗan akuya, warin nan ya tafi, wuyansa ba ya kauri, ya daina bin awaki, alhali ba a taɓa wuyansa ko hancinsa ba. Wannan ya nuna cewa akwai wani saƙo da ke fita daga 'ya'yan maraina ya bi jini ya isa ko'ina. A jikin ɗan Adam, sama da kashi 90 cikin 100 na testosteron daga nan yake fitowa, ragowar sinadaran mazakuta kuma daga wasu ƙananan ƙululai biyu da ke zaune bisa ƙoda.

Ka ɗauki ƙwayar halitta guda ta furostat tamkar gida mai zaure da tsakar gida da turaka. A cikin turakar aka adana kundin gado, wanda masana ke kira DNA, an ɗaure shi dami-dami har 46, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma a cikinsa aka rubuta dubban umarni na yadda ƙwayar za ta rayu. Idan testosteron ya shigo gidan, wani sinadari yakan sarrafa shi ya mayar da shi DHT, wanda ya fi shi ƙarfi. A tsakar gida akwai wani wakili da ake kira makarɓin androjin, wato mai karɓar sinadarin mazakuta, a taƙaice AR, wanda ke zaune shiru ba ya motsi sai saƙo ya zo hannunsa. Da DHT ya maƙale masa, sai siffarsa ta sauya, ya nemi ɗan'uwansa su haɗu biyu, su shiga turaka, su dafa kundin a wurare na musamman, su sa a karanta umarnin da ke wurin. Ɗaya daga cikin waɗannan umarni shi ne na ƙera PSA, sinadarin da ke tsinka maniyyi. Ina so ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne zai fassara maka takardun da ke hannunka: PSA sawun wakilin nan ne. Idan ya yi yawa a jinin mai wannan cuta, galibi alama ce cewa wakilin yana cikin turaka yana aiki.

A furostat mai lafiya, wakilin yana ba da umarni daidai gwargwado: a yi ruwan maniyyi, a maye gurbin ƙwayar da ta mutu, a tsaya nan. Ciwon daji yana farawa ne sa'ad da kurakurai suka taru a cikin kundin tsawon shekaru, shi ya sa aka fi ganinsa bayan shekara 50. Kuskuren da ya fi shahara shi ne wanda masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka gano a 2005. A dami na 21 akwai umarni biyu da ba su da nisa da juna. Na farko, TMPRSS2, yana da makunni wanda wakilin AR ke dannawa kullum. Na biyu, ERG, umarni ne mai ingiza ƙwaya ta yaɗu ta kutsa cikin maƙwabtanta, kuma a furostat mai lafiya a kashe yake. Sai kundin ya tsinke, wajen ɗinkewa aka liƙa makunnin na farko a jikin na biyu. Kamar mai gyaran lantarki ne ya haɗa wayar injin niƙa da makunnin fitilar ɗaki: duk wanda ya kunna fitila, inji ya tashi. Ana samun wannan haɗi a kusan rabin masu cutar a cikin Turawa, amma ya fi ƙaranci a cikin baƙar fata, abin da ke nuna cewa cutar ba ta bin hanya ɗaya a jikin kowa, kuma akwai buƙatar a yi binciken a kan mutanenmu.

Ban da wannan akwai matsalar linzami da ƙaimi. Umarnin PTEN, da ke dami na 10, shi ne linzamin da ke riƙe wata hanyar girma mai suna PI3K da AKT, kuma sau da yawa ciwon yakan goge shi, musamman idan ya yi nisa. MYC kuma, da ke dami na 8, ƙaimi ne, kuma ciwon yakan ninka shi. Doki ba linzami, ga ƙaimi ana dannawa, ka san inda zancen zai ƙare. Duk da haka, a farkon al'amari mafi yawan waɗannan ƙwayoyi suna nan rataye da saƙon testosteron, kamar furostat ɗin da suka fito daga cikinsa.

Wannan rauni ne wani likitan fiɗa a birnin Shikago, Charles Huggins, ya gano. Ya fara lura da yadda furostat ɗin karnuka ke motsewa idan an dandaƙe su, sannan a 1941 shi da Clarence Hodges suka nuna cewa idan aka katse testosteron a jikin mazan da cutar ta kai musu ƙashi, ciwon yakan ja baya, raɗaɗi ya sauka. An ba shi lambar Nobel a 1966 saboda wannan aiki. Allurar da ake yi wa Baba jikar wannan bincike ce. 'Ya'yan maraina ba sa yin testosteron sai wani ƙululu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya aiko musu da izini, shi kuma ƙululun yana amsa kira ne idan kiran na zuwa jefi-jefi. Allurar tana yi masa kira ba ƙaƙƙautawa, dare da rana, har ya gaji ya toshe kunne. A kwanakin farko testosteron yakan ɗan hau kafin ya faɗi, shi ya sa akan haɗa wa marar lafiya da wata ƙwaya a makonnin farko. Bayan nan saƙo ya yanke, wakili ya zauna, ƙwayoyin ciwon da yawa suka mutu, wasu suka yi kwance. Ranar da Baba ya ajiye sanda ya tafi masallaci, abin da ya faru ke nan.

To me ya dawo da shi? Ciwon da ya kai ƙashi ya ƙunshi miliyoyin ƙwayoyi, kuma ba duka ne iri ɗaya ba, domin kowace rabuwa tana iya zuwa da sabon kuskure. Dattawanmu sun tuna zamanin da Nivaquine ke kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana biyu, daga baya ya daina ci. Maganin bai sauya ba, jikin mutane ma bai saba da shi ba. Ƙwayoyin cutar da ke jin magani ne suka mutu, 'yan kaɗan da ba sa ji suka samu fili suka hayayyafa. Haka yake a nan. Allurar ta share masu jin yunwar testosteron, ta bar waɗanda suka samo dabarar rayuwa cikin fari, kuma ga mutanen da cutar ta riga ta yaɗu, wannan yakan bayyana ne galibi cikin shekara ɗaya zuwa uku.

An daɗe ana zaton ciwon ya daina buƙatar wakilin ne kwata-kwata. Bincike ya nuna akasin haka, kuma wannan ne ya buɗe ƙofar sabbin magunguna. Dabara ta farko ita ce yawaita wakilai. A 1995 masu bincike a ƙasar Finlan suka gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ciwukan da suka farfaɗo sun ninka umarnin AR sau da yawa a kundinsu. Gidan da ke da wakili goma ya koma yana da ɗari, saboda haka ɗan guntun saƙon da ya rage a jini, wanda a da ba zai tayar da kowa ba, yanzu ba ya wucewa sai wani ya cafke shi. Dabara ta biyu ta fi ba ni mamaki duk lokacin da na yi tunaninta: ciwon yakan koyi dafa abincinsa da kansa. Yana karɓar raunanan sinadaran da ƙululan bisa ƙoda ke fitarwa, waɗanda allurar ba ta taɓa su, ya sarrafa su a cikin gidansa su zama testosteron da DHT. Za a auna jinin mutum a ga babu komai, alhali a cikin ciwon kansa tukunya na kan wuta.

Dabara ta uku ita ce sauya siffar wakilin. Harafi ɗaya ya canza a cikin umarninsa, sai aljihun da ke karɓar saƙo ya saki, ya riƙa amsa wa sinadaran da ba nasa ba, wani lokaci har maganin da aka bayar don a toshe shi, irin su bikalutamid, ya zama shi ne ke tayar da shi. Ta huɗu kuma ita ce yanke aljihun gaba ɗaya. Akwai wani guntulallen wakili mai suna AR-V7 wanda ba shi da wurin karɓar saƙo, don haka ba ya jiran kowa, yana zaune a turaka yana ba da umarni. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa marasa lafiyar da aka samu wannan guntun a ƙwayoyin ciwon da ke yawo a jininsu ba su cika amfana da magungunan toshe saƙo ba. A wasu 'yan tsirarun mutane kuma, idan ciwon ya rasa manyan masu gadi biyu, TP53 da RB1, yakan sauya kama ya bar hanyar AR baki ɗaya, kuma irin wannan yana iya girma ba tare da PSA ya hau sosai ba. Tun da na Baba yana hawa, alamu sun fi karkata ga cewa wakilin ne ya koma bakin aiki.

Yanzu mu koma kan gardamar ƙannenka. Masu zargin jabu ba a ce sun yi wauta ba, domin wasu daga cikin waɗannan allurai ba sa jure zafi, kuma wanda ya san ranar watan Afrilu a Maraɗi ya san abin da za ta yi wa maganin da aka bari cikin mota ko shagon da ba sanyi. Jinkirta allura da makonni ma yana ba testosteron damar farfaɗowa. Amma wannan ba abin musu ba ne, abin aunawa ne. Ku roƙi likita ya auna testosteron a jinin Baba. Idan ya haura 50 a ma'aunin nanogiram cikin desilita, to allurar ba ta yin aikinta, sai a binciki inda aka saye ta da yadda aka ajiye ta. Idan kuwa yana ƙasa da haka, allurar ta cika alƙawarinta, ciwon ne ya sauya dabara.

Masu cewa a daina kuma, ina roƙonsu su sake tunani. Ciwon da ya ninka wakilansa don ya rayu da ɗigon saƙo, me kake tsammani zai yi idan aka sake buɗe masa famfo? Shi ya sa ake barin allurar a matsayin tushe, a ɗora wani magani a kanta. Abirateron, wanda aka amince da shi a Amurka a 2011, yana toshe sinadarin CYP17 da ake buƙata wajen ƙera sinadaran mazakuta, a maraina ne, a bisa ƙoda ne, ko a cikin ƙarin kansa, wato yana kashe wutar tukunyar da na ambata. Ana shansa tare da firednison, nau'insa da aka saba da shi kuma ana sha ne ciki ba abinci, ana kuma lura da hawan jini da hanta. Enzalutamid, wanda ya biyo baya a 2012, yana kama wakilin ne ya hana shi shiga turaka. Akwai kuma dosetaksel, maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ke hana ƙwaya rabuwa ko da wane irin wakili take da shi. Babu ɗayansu da ke tumɓuke cutar da ta yaɗu, kuma ba zan ɓoye maka wannan ba, amma an tabbatar suna ƙara kwana da sauƙin jiki.

Idan kuɗi ne suka yi nauyi, akwai maganar da mutanenmu ke jin kunyarta amma ta cancanci a yi ta da Baba cikin ladabi da sirri: ƙaramin aikin cire naman 'ya'yan maraina yana yin abin da allurar ke yi, sau ɗaya tak, ba fargabar jabu, ba ta zafin rana, kuma kuɗin da ake kashewa duk wata uku sai su koma kan ƙwayoyin. Shawarar tasa ce, ba taku ba. Ku kuma nisanta shi da duk wani maganin ƙarfin maza da ba a san abin da ke cikinsa ba, domin idan akwai testosteron a ciki, an ciyar da ciwon ne kai tsaye. Game da bayansa, wannan cuta tana son ƙashin baya da na ƙugu, kuma gasa wurin da hasken na'urar asibiti yana rage raɗaɗin sosai. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara wannan aiki tun 2021. Idan ƙafafunsa suka fara sanyi ko nauyi, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa kuɓuce masa, kada ku jira gari ya waye, ku kai shi asibiti a ranar, domin yana iya zama ƙarin ne ke danne lakar baya, kuma sa'o'i ne ke raba tafiya da shanyewar ƙafa.

Tambaya:

Likita, barka da aiki. Maigidana yana da wannan cuta, kuma yayarsa ta rasu da ciwon dajin mama tana da shekara 44. Shin zan iya ɗauka daga gare shi? Kuma 'ya'yanmu maza uku za su gada?

Wata uwa daga Tasawa

Amsa:

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya jiƙan yayarsa. Ki kwantar da hankalinki, ba a ɗaukar wannan cuta ta kwanciya, ko kwano, ko wankin tufafi. Yawancin kurakuran da na bayyana a sama, irin su haɗin ERG da gogewar PTEN, a cikin furostat ɗin mutum suke aukuwa bayan ya girma, ba sa cikin abin da yake ba 'ya'yansa.

Sai dai zancen yayarsa ya sa na tsaya. Akwai umarnin gado mai suna BRCA2, a dami na 13, wanda aikinsa ɗinke kundin idan ya tsinke. Wanda aka haifa da ɓataccen kwafinsa yana tara kurakurai da wuri, sai abin ya fito wa mata a mama ko ƙwan haihuwa, maza kuma a furostat, sau da yawa da ƙarancin shekaru kuma da zafi. Wani bincike na 2016 a kan maza 692 da cutar ta yaɗu a jikinsu, a Amurka da Ingila, ya samu kusan kashi 12 cikin 100 sun gaji lahani a ɗaya daga cikin umarnin gyaran kundi, BRCA2 ne kan gaba. Idan uba yana ɗauke da shi, kowane ɗa, mace ko namiji, yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi, saboda haka idan kuna da 'ya'ya mata, su ma zancen ya shafe su. Sanin wannan yana da amfani ga maigidan kansa, domin akwai magani irin su olaparib, wanda aka amince da shi don wannan cuta a 2020, da ke cin ƙwayoyin da suka rasa wannan mai ɗinki. Ki gaya wa likitansa tarihin dangin duka, har da shekarun da kowa ya kamu.

Ko babu lahanin BRCA2, wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar haɗarinsa ya ninka kusan sau biyu, kuma baƙar fata sun fi sauran jinsuna kamuwa. A Ingila an ƙiyasta baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, alhali a sauran jama'a ɗaya ne cikin takwas. Wani ɓangare na dalilin yana wani yanki na dami na 8, kusa da MYC. Ciwon kuma yakan tsiro ne a gefen furostat na waje, nesa da bututun fitsari, shi ya sa yake iya shekaru bai hana mutum fitsari ba. Don haka kada samarinki su jira alama. Kowannensu ya je ya tattauna da likita kan gwajin PSA idan ya kai shekara 45, ko 40 idan an tabbatar akwai lahanin BRCA2 a gidan, ya kuma adana takardar sakamakon don a riƙa kwatanta ta da ta gaba.